Rami na Uku

Akori-kurar Barau ta tofar da fulogi
a kwanar Harbo, hantsi bai gama ɗagawa ba.
Tau! kamar bindigar toka a ƙarƙashin bonet.
Sai ta koma tafiya da ƙafa uku,
tana haki, tana fat-fat-fat,
kankana ɗari da sittin a bayanta
suna jiran Lahadin Gujungu.

Turo ta aka yi har gindin markenmu.
Oga Tsalha ya zura ɗan yatsa a rami na uku,
ya juya, ya zaro,
ga garin alminiyam yana ƙyalli a farcensa.
Haƙoran ramin sun tafi.
Sumul, kamar dasashin jariri.

"Wa ya ɗaura wannan?"
Bai dube ni ba, marken ya tambaya.
Ni kuwa na san ranar.
Laraba ce, bayan babbar salla,
inji da zafi, ni da yunwa,
fulogin ya shiga a karkace, ya yi gardama,
na sa wa sifana bututu don ta ƙara tsawo,
na danna har ya yi laushi a hannuna.
Laushin nan, na ɗauka biyayya ce.

Barau yana ta lissafi a fili:
a kwance kan inji, a kai Kano,
kwana uku, sabon gasket, kuɗin mota,
kankana ta zama rabon awaki.

Oga ya shiga rumfa ya fito da gwangwanin madara.
A ciki tsumma, a cikin tsumma ƙarfen yanka haƙori
wanda ko almakashin matarsa
bai samu irin ɓuyan da yake samu ba.
Ya miƙo mini.
Ni.

"Juya inji, fistan ya sauka, bawul su rufe baki.
Cika kwarin ƙarfen da giris,
duk ɓarɓashin da ya faɗa ciki
kai za ka ji kukansa a Jahun."

Na dafa bakin ramin, hannuna na rawa.
Ya ce in tsaya in sha ruwa.
Na sha, na dawo.

Rabin juyi gaba,
kwata baya.
Rabin juyi gaba.
Ƙarfen yana cin alminiyam a hankali
da wata 'yar ƙara, kamar ɓera a rumbu.
In zaro, in goge, in sake shafa giris,
sau bakwai na ƙirga, daga nan na daina ƙirga.
Azahar ta zo ta same mu, ta wuce.
Barau ya gaji da zagin motar, ya yi barci a kan benci.

Da sababbin haƙora suka fito, layi-layi
kamar kunyar da aka ja da shanu masu hankali,
muka murza bushin ƙarfe ya zauna daram.
Oga ya tada Barau: buga, ba fulogi.
Ramin ya yi atishawa sau biyu,
ya watso sauran ƙurar a kan rigata.

Sabon fulogi da yatsa uku na kai shi,
yana tafiya da kansa, kamar ya san gidan.
Sai a ƙarshe sifana ta taɓa shi, kaɗan.

Ta tashi da ƙafa huɗu.

Barau ya sauke kankana ɗaya a kan kuɗin aiki,
ya bi hanyar Gujungu ko waige babu.
Oga ya ɗauki bututun nan nawa,
ya auna nauyinsa a tafin hannu,
ya kira Ladiyo mai ƙosai ta tsallaken titi,
ya ce ga abin hura wuta.

Sannan ya fasa kankanar a kan taya,
ya ba ni ɓarin da ya fi girma.